Tofin Goggo Dudu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Goggo Dudu, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni, har yau ban iya haye gadar Binuwai zuwa Girei ba tare da gabana ya faɗi ba.

Lokacin da 'yan bindiga suka shiga Mubi ta gudo wurinmu Jimeta da zane ɗaya, ta tarar da ni da jaririya, Nafisa, wadda ciwo ba ya ɗaga mata ƙafa. Yau ƙuraje, gobe tari, jibi gudawa. A bayan Goggo yarinyar nan ta girma. Kullum da safe sai ta karanta addu'a ta tofa mata a ka da tafin hannu, kamar yadda ta yi min ina ƙarama.

Sai daga baya likitoci suka gano an haife ta ne da raunin garkuwar jiki, irin wanda ba a cika gani ba. Bayin Allah suka taimaka aka kai ta ƙasar waje, aka yi mata dashen ɓargon yayanta, ɗana na fari. Da za mu dawo aka ja min kunne: ba 'yan dubiya, ba cin kwano ɗaya, kada numfashin kowa ya sauka a fuskarta, don ɗan mura ma na iya kashe ta.

Na yi wa Goggo bayani, ta ce to. Kwana uku da dawowarmu na fito daga wanka na same ta durƙushe a kan yarinyar tana tofi, ga shi ita Goggon tana fama da tari. A gaban maƙwabta na ce, "Goggo, so kike ki kashe min 'ya?"

Washegari ta ɗaure kayanta ta koma wurin Bappa, yayanta, a Girei. Magana zarar bunu ce.

Duk da haka kullum sai ta kira ta ce, "Ɗora mata wayar a ka." Sai ta yi tofinta ta can. Ranar da aiki ya sha kaina nakan ce na ɗora, alhali wayar tana kan turmi. Wata huɗu aka yi haka. Ina ta cewa bari likita ya ba da izini in je in ɗauko ta da kaina, sai ga saƙon rasuwa.

Likitoci sun ce daidai na yi da na raba su. Ban musa ba, amma ba su suka ce in faɗa da wannan bakin ba.

Yanzu Nafisa ta warke sarai, tana sakandare, tana cin gyaɗa a kwano ɗaya da ƙawayenta. Da Goggo na raye ta ga haka, na san za ta ce addu'arta ce ta ci, ni kuwa ba zan yi gardama ba.

Goggo ba ta bar gadon gida ko gona ba, sai mu biyu da ta goya. Nafisa ta sha tambayata me ya mai da Goggo Girei, ina ce mata ziyara ta je. Karatuna bai yi nisa ba, ita ke karanta min jarida. Wannan labarin ma, in ya fito, ita za ta karanta min.