Mai Tuƙi Kurma Ce

Ranar wata Alhamis ce cikin Sha'aban na 1421, ina da shekara goma sha ɗaya, aka fara barina ni kaɗai da tukunyar tuwo a saman benenmu na unguwar Harra ta Yamma a Madina. Babu makaranta. Umma ta tafi suna a unguwar Aziziyya, Baba yana wurin aikinsa na tuƙa mota, gidan daga ni sai kakata, wadda muke kira Sitti. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana sai da Takwara. Tun safe take ƙorafin ciwon kai, ta ɗaure shi tam da ɗankwali, ta ce: "Yau ke ce uwar gida. In kika kawo mini gudaji, ke za ki cinye abinki."

Sitti ba ta yarda a yi tuwo a tsaye a kicin ba. A cewarta wannan murhun na kabsa ne, shinkafar Larabawa, tuwo kuwa sai an zauna masa. Don haka muke haurawa sama da ƙaramin murhun gas, mu ajiye shi a inuwar tankin ruwa, daga can kana hango baƙaƙen duwatsun Harra. Garin masara da kuka da daddawa wurin wata 'yar Damagaram a unguwar Bani Harisa ake sayowa. Shekara guda na yi ina tankaɗe da dama talge kafin ta bar ni in riƙe muciya. Dokarta ɗaya ce: "Mai tuƙi kurma ce." Da zarar an zuba gari, ba waiwaye, ba amsa sallama, sai ya haɗu. Kuma gwada ni take yi. Ina tsakiyar tuƙi sai ta rangaɗa mini kira, in na ce "na'am ya Sitti" ta ɗan buge mini hannu da mara tana dariya: "Ji Balarabiyar ƙarya! Kunne a buɗe, hannu a mace."

To, ranar na zuba gari ke nan, na taka tukunya da tsumma, sai na ji muryarta daga ƙasa. Takwara. Na yi murmushi, na ce a raina yau ba za ki kama ni ba. Ta sake kira. Na ukun ya fito a shaƙe, amma na ƙara danna muciya, don garin bai gama shiga ba. Daga nan shiru. Wallahi daɗi na ji, na ɗauka na ci jarrabawa. Na bar shi ya sulala, na kwashe malmala biyar sumul, na sauko da kwano ina waƙa. A bakin ƙofar banɗaki na same ta kwance, bakinta ya karkace, idonta a kaina. Ban tuna yadda na isa ƙofar maƙwabta ba, sun dai ce ihu nake da Hausa da Larabci a haɗe.

Kwana huɗu ta yi a asibiti ba ta ce uffan ba, ta rasu aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Mata suka cika gida suna cewa ta dace, wadda ta ratso Sudan a ƙafa tana yarinya ga shi Madina ta karɓe ta. Likita ya ce jini ne ya hau. Ban taɓa tambayar kowa ko rabin awar nan da na yi a sama zai canza wani abu ba. Tsoron amsar nake ji. Ko Umma ban gaya wa an kira ni ba.

Yanzu na gama sakandare, mun koma wani gida marar sama, Umma ma tana shan maganin hawan jini. Da, kiran sunana wasa ne a gidanmu. Yanzu ko tari ta yi a ɗaki sai na tsinci kaina a bakin ƙofarta. Makon jiya ta dube ni ta ce, "Ke wai me ke damunki ne?" Na ce mata ba komai. Ina so in gaya mata kafin ita ma ta yi shiru.