Ƙarshen da Matarsa Ta Karanta Masa

Mai Agogo bai taɓa barin garinsu ba, amma ka tambaye shi hanyar ƙasar da duwatsu ke magana, sai ya zana maka ita a bayan kwalin batir. Tun yana saurayi littattafan almara suka kama shi, na dodanni da matsafa da biranen ƙarƙashin ruwa. Matarsa kan ce ƙarya ce kawai aka yi wa bango.

Duk shekara idan aka fitar da sunayen littattafan da ke takarar kyautar almara, shi da abokansa sukan taru a shagon tela su yi ta musu kan wanda ya cancanta. Dokarsu ɗaya ce: wanda bai kai ƙarshen littafi ba, ya kama bakinsa. Shi kuwa bawan Allahn nan, ko abinci bai kai masa musun nan daɗi ba.

Bana sai ido ya ƙi. Ya sauya tabarau, ya ɗauko madubin da yake leƙa cikin agogo da shi, duk a banza, baƙaƙen sai rawa suke yi. Tsoro ya kama shi, kada ya zauna cikin abokai kamar kujera. Da ya rasa mafita, ya kai wa matarsa kuka. Ta yi masa tsiya son ranta, sannan ta ja kujera kusa da teburin aikinsa da ke ɗakin gaba, yana goge ƙarafa tana karantawa.

Littafin ƙarshe labarin wata yarinya ne da ta shiga kogi neman ƙaninta. Tun da 'yar autarsu ta rasu ba su cika ambaton ta ba, amma ya lura muryar matar tana sauyawa duk inda yarinyar ta yi magana. A ƙarshe yarinyar ta fito daga ruwa, ta dawo gida, uwarta ta goge mata kai da zane.

Ranar taro ya miƙe da ƙarfinsa, ya ce wannan littafin ne zai ci, ko don dawowar yarinyar. Tela ya sunkuyar da kai yana wasa da almakashi, can ya ce a hankali, "Yaya, ai ba ta dawo ba."

Ba wanda ya ambaci doka, shi ne ya tuna ta. Ya koma ya zauna cike da kunya har aka watse.

A gida ya tarar da matarsa tana ninke wanki. Bai yi faɗa ba, dalili kawai ya tambaya. Ba ta ɗago kai ba.

"Na riga na leƙa shafin ƙarshe, Malam. Sau ɗaya ya ishe mu."

Sannan ya lalubo littafin a kan teburi ya miƙa mata, ya ce ta sake karanta masa ƙarshen, yadda ta karanta shi ranar nan.