An Yi Wa Inna Mairake Addu'ar Mamaci Tana Zaune

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a gaban jama'a, da lasifika da komai, kwamitin tsofaffin ɗaliban wata firamare a Malumfashi suka kashe Inna Shafa'atu Mairake, suka kuma mai da ita namiji. Sun gina wa makarantar ɗakin karatu, sun kafa allon dutse a bango, an sassaƙa a jikinsa: Ɗakin Karatu na Marigayi Alhaji Mairake. Babu wani Alhaji Mairake. Ba a taɓa yin sa ba. Mairake ɗaya ce a unguwar nan, mace ce, tana da ranta, kuma lokacin da aka yaye ƙyallen da ya rufe allon tana zaune a kan kujerar roba a layin mata na baya da carbinta a hannu.

'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Danja. Aure ya kawo ta Malumfashi, gidan da ke kallon katangar makarantar. Mijinta ya rasu da ƙuruciyarta, ya bar mata yara ƙanana da fadamar rake can ƙauye. Ƙannensa suka riƙa sarowa suna aiko mata a mota, ita kuma ta jingine raken a bakin zaure, ta sami wuƙa ta zauna. A wancan zamani sai da rake sana'ar maza ce, har wasu kan tako takanas su ga macen da ke kankare rake da kanta. Ta ce duk wanda ya zo kallo ya saya, kallo ba kyauta ba ne. Ba a jima ba sunan Shafa'atu ya ɓace a bakin mutane, sai Mairake.

Sai gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga boko. Mutanen ƙauye ba su san ƙofar ofis ba, amma sun san zauren Mairake. Wani manomi daga Mahuta ya zo cin kasuwa, ya ajiye mata ɗansa Mahadi da ƙullin kayansa da tiyar dawa, ya ce ta kai shi makaranta, ta riƙe shi. Ta ja hannun yaron suka bi layi.

Malamin da ke ɗaukar suna baƙo ne, matashi, ba a daɗe da turo shi garin ba.

"Sunan yaro?"

"Mahadi."

"Sunan uba?"

Inna ta gyara mayafi, ta kalli rufin aji. Abin da malamin bai sani ba shi ne, uban Mahadi sunansu ɗaya da mijinta, ita kuwa tun da aka ɗaura mata aure ba ta taɓa kama wannan suna da bakinta ba, yana raye ko bayan ransa.

"Baiwar Allah, sunan ubansa nake tambaya."

"Sunan mai gidana gare shi, Allah ya jiƙansa."

"Amin. To mene ne sunan?"

"Tambayi yaron."

Aka tambayi yaron. Mahadi ya dube ta, ya ga ita da take babba ba ta faɗa ba, shi ma ya sunkuyar da kai yana haƙa ƙasa da babban yatsa. Malam ya ajiye biro, ya ce shi fa ba zai kwana a nan ba.

"Malam," in ji Inna, "ka taɓa jin matarka ta kama sunanka a bainar jama'a?"

"Ba ni da mata."

"Shi ya sa."

Layi ya ɗauki dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, sallame mu, ai na Mairake ne." Malam ya rubuta Mahadi Mairake, ya ce na gaba.

Daga ranar bai sake ɓata bakinsa ba. Da ya hango ta riƙe da hannun yaro, sunan fari kawai yake tambaya, sauran ya cike da kansa. Haka Ummukulsum, 'yar wata ƙawarta ta ƙauye, ta zama Ummukulsum Mairake. Haka ma Jimoh, ɗan Iya Funmilayo mai sai da kwanuka, wanda uwarsa ta ce da Inna ta miƙa mata shi don ba za ta iya barin rumfa ranar kasuwa ba. Da uban Jimoh ya ga sakamakon jarrabawa ya yi tsalle ya dire, ya ce gobe zai je makarantar. Goben ba ta zo ba har sunan ya hau takardar gama firamare, daga nan kuma sai an je kotu an yi rantsuwa kafin a canja, kowa ya ce a bar shi. Da yawa aka yi wa haka. Akwai Mairake tela, akwai direba, akwai wadda ke koyarwa a Funtua. Amma ukun nan su suka yi nisa.

Mahadi yanzu farfesan tarihi ne. Ummukulsum likitar mata ce a wani babban asibiti. Jimoh masanin irin masara ne, da damina ta kawo kai za ka ji shi a rediyo yana yi wa manoma bayanin tsutsar da ke cin gona, da Hausarsa ta Malumfashi tsantsa. In Inna ta ji muryarsa sai ta ƙara wa rediyon ƙarfi, ta ce da duk wanda ke kusa, "Kun ji shi? Wannan da ɗan akuya ke kora har ƙarƙashin gadona." Farfesa kuwa har gobe Ɓarawon Gaɓa take ce masa, don shi ke zare mata gaɓar rake ta ƙasa, mai zaƙin, ya bar mata kan. Likita ce kaɗai take ɗan shakka, domin ta hana ta shan rake saboda sukari, kuma takan kira a waya ta ce, "Inna, me kike tauna?" Inna ta ce goro.

A waje kowa ɗauka yake 'yan gida ɗaya ne, su kuma ba sa musu. An taɓa tambayar Likita ko Jimoh ƙaninta ne, ta ce ƙwarai, tukunya ɗaya suka kankare. Gaskiya ta faɗa. Tuwon masara ne da miyar kuka, safe ɗumame, Inna na tsaye a kansu da muciya tana raba faɗa.

To sai ga kwamiti. Samari ne masu manyan riguna, shugabansu Sadiq, ma'aikaci a Abuja. Niyyarsu mai kyau ce, wannan babu mai hana su. Suna neman sunan da za su sa wa ɗakin karatu, suka duba waya, suka ga Farfesa Mairake, Dakta Mairake, wani Dakta Mairake, duk tsofaffin ɗaliban makarantar. Suka zauna suka haɗa lissafinsu: tunda sunan da ke bin sunan mutum na ubansa ne, to lallai an yi wani attajiri Mairake, mai mata da yawa har da Bayarabiya, ya kuma tsaya wa 'ya'yansa suka yi karatu. Tunda 'ya'yan sun yi furfura, ai ya rasu. Tunda attajiri ne, ai ya je Makka. Tsakanin ofishin da suka yi wannan zama da zauren Inna titi ne kawai, amma babu wanda ya tsallaka ya yi sallama. Sun aika wa mutum ukun katin gayyata da ke cewa a zo buɗe ɗakin karatu, ba su faɗi sunan ba, wai suna so ya zama abin mamaki. Ya kuwa zama.

Farfesa yana wani taro, Jimoh ba ya ƙasar, Likita ta ce tana hanya. Inna ta je ne don maƙwabciyarta Maijidda ta ce ta ji ana ambaton Mairake a lasifika.

Mai gabatarwa ya riƙe makirfo ya shiga kwatanta marigayi. Wai dogon mutum ne, mai kwarjini, ba ya fita sai da rawani, in ya yi gyaran murya gidan kan yi tsit. Inna, wadda tsawonta bai wuce kafaɗar Maijidda ba, ta gyaɗa kai ta ce gyaran muryar dai gaskiya ne. Aka ce a ɗaga hannu a yi masa addu'a, Allah ya haskaka kabarinsa. Ta ɗaga nata, tana amin da ƙarfi.

Maijidda ta zungure ta. "Inna, ke fa ake yi wa."

"Na ji. Addu'a ce, in mayar? A ajiye mini, zan same ta a gaba." Ta shafa, sannan ta sunkuyo ta ce, "Tambayo mini, matansa nawa ya bari? In akwai mai takaba mu je mu gaishe ta."

Layin mata ya hargitse da dariya, har wani ɗan kwamiti ya juyo ya ce a girmama mamaci.

Ana rabon lemo Likita ta iso. Ta tsaya gaban allon, ta karanta, ta cire tabarau ta goge, ta sake karantawa. Ta ratsa kujerun manyan baƙi har layin baya, ta durƙusa ta gaida Inna, ta kamo hannunta ta kai ta gaban Sadiq.

"Shugaba, ga Alhajin."

Da aka yi masa bayani sai gumi ya karyo masa. Mutumin kirki a nan zai ce a ba shi guduma. Shi kuwa cewa ya yi, "Hajiya Dakta, dutse ne fa, an riga an sassaƙa. Kuma ai sunan dai ya fito." Wani dattijo a gefensa ya ƙara da cewa sunan mace a bangon makaranta ba a saba gani ba, a bar shi haka ya fi sutura. Inna ta dube shi sama da ƙasa, ta ce ta san shi yana yawo ba wando, a lokacin bai san sutura ba. Aka watse a kan za a duba.

Da yamma Farfesa ya kira. Ya yi dariya har ya ƙware. Ta bari ya gama, ta ce, "Kai ne mai tarihi, an binne ni a ƙofar gidana kana ina?" Ya ce zai rubuta wa kwamiti. Jimoh ya aiko saƙon murya yana mata gaisuwar rashin Alhaji, ta sa aka kunna mata sau biyu.

Duk wannan da dariya ta ɗauke shi. Kwana biyu 'yan unguwa na wucewa suna "Alhaji, an tashi lafiya?" tana amsa musu da murya mai kauri. Ranar Litinin ce dariyar ta tsaya. An tashi tara, yara sun tsallako sayen rake wurin jikarta da ke riƙe da sana'ar yanzu, sai wata yarinya 'yar aji huɗu ta durƙusa da ladabi ta ce, "Inna, malaminmu ya ce mu yi koyi da Alhaji Mairake. Ke ce matarsa?"

Inna ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito ta ce da Maijidda miji ɗaya ta yi a duniya, ta kuma tsare masa sunansa har tsufa, yau ga shi an ɗaura mata wani ba da saninta ba. Ta ce wasa wasa ne yanzu da take zaune tana ƙaryatawa. Ran da ta kwanta dama, yaran nan abin da ke bango za su karanta, shi ke nan an yi Alhaji, ita ba a yi ta ba.

Saboda haka, Sadiq da mutanenka, ba a neman ku da wani taro ko ƙaramin kwamiti. Ku ɓalle wannan dutse kafin yara su tafi hutu. Ku sassaƙa wani, ku rubuta Shafa'atu Mairake, ba marigayiya, ba wani laƙabin da ba nata ba. Ku tara yaran makarantar a fili ku faɗa musu da bakinku cewa kun yi kuskure, ita kuma ku zaunar da ita a kujerar gaba ta yaye ƙyallen da hannunta. Kafin duk wannan, kai Sadiq ka tsallaka titin nan, ka cire takalmi a bakin zaure, ka ba ta haƙuri. Tana gida kullum, ba ta zuwa ko'ina.