Addu'ar Iya a Bakin Turmi

A ƙauyenmu, can gefen Damari, ba mu da agogo. Wani tsohon bakin garma ne aka rataye a jikin ɗorawa, malamin cocinmu ke kaɗa shi da asuba, da rana tsaka, da faɗuwar rana. Da an ji ƙarar sai kowa ya tsaya inda yake, mai noma ya dogara da fartanya, mai tulu ta tsaya da abinta a ka, a gai da Maryamu. Maƙwabtanmu musulmi har sun saba, sukan ce ƙarfenmu da ladaninsu ba su saɓawa.

Lokacin Turawa na nan. Fada kuwa, babban limamin coci, daga nesa yake zuwa a babur, sai ruwa ya ɗauke, rafuka sun ba da hanya. In ya zo ya tafi, to sai baɗi.

Uwar mijina, Iya, ita kaɗai ta rage a gidan ba a yi mata baftisma ba. Tari ya kama ta tun farkon damina, ita ma ta san ba lallai ta ga baɗi ba. Ta ce hanyar da 'ya'yanta suka bi ita za ta bi, ba ta son a kai lahira a raba su. Malam ya ce sai ta iya addu'ar Ubanmu da ka, don Fada zai tambaya. Kullum ya zaunar da ita a tabarma ya biya mata, kafin ya kai ƙofar gida addu'ar ta zube mata. Takan ce mashi kan tsohuwa rariya ce, ya daina wahal da bakinsa.

Wata rana ina surfen gero ina biya addu'ar a hankali, sai ta jawo ɗaya taɓaryar. Muka shiga lugude, in buga in faɗi, ta buga ta amsa. Kafin gero ya fita, ta kai ƙarshe ba gargada. Daga nan kullum a bakin turmi muke yi.

Ranar da Fada ya zo, aka taru ƙarƙashin ɗorawa. Aka zaunar da Iya a gabansa, ya tambaye ta cikin Hausarsa mai fita ta hanci. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta sake, shiru. Fada ya ce ba komai, ta ƙara koyo, zai dawo. Ni dai na san tarin nan ba zai jira shi ba.

Sai ta waiwayo ta dube ni.

"Ke ɗiyar nan, ɗauko mani turmina."

Aka fara dariya daga baya. Malam ya yunƙura zai hana, Fada ya ɗaga mashi hannu. Na mirgino turmin, na zuba gero. Matar da ke tashi da kyar sai ga ta tsaye cak. Ta buga, na buga, addu'ar ta taho daki-daki, muryarta tas kamar ba ita ke tari ba. Dariya ta ɗauke. Maza suka tuɓe huluna. Har yau ban san me ya sauko wurin nan ba, amma tsigar jikina ta tashi, taɓaryar hannuna kuma kamar ba ni ke ɗaga ta ba.

Da ta ce amin, Fada bai ce a shiga coci ba. Ya sa aka kawo ruwan baftisma nan bakin turmi, ya zuba mata, dusa na manne a zanenta.

"To Malam, rariyar ta riƙe?" in ji ta.

Ba ta ga shukar baɗi ba. Geron da muka surfa ran nan kuwa ba mu tuƙa shi mu kaɗai ba, kunu muka dama, kowane gida ya samu ludayi.