Injin da ke jiran azahar

Ɗazu na tuttula ruwa a gindin wata sandar ƙarfe a masana'antar da nake aiki a nan ƙasar mutane, abokan aiki suna kallona kamar na zautu. Ni kuwa dariya nake, Sakkwato ta faɗo mini a rai.

Ƙarshen mulkin soja ne, a wani gareji a Arkilla. Maigidanmu ya sayo injin yankan ƙarfe mai kwamfuta, ya damƙa mini. Da wutar yankan ta kama sai kwamfutar ta rikice, ƙarfe ya lalace. Ya ba ni mako guda, in gyara ko in bar aikin. Mutum ne mai zafi, amma gaskiya kayansa nake ɓatawa.

Abin mamaki, bayan azahar lafiya lau injin yake yanka.

Na ce wa maigadinmu, "Baba Bube, injin nan sai an yi salla yake aiki."

Ya ce, "To ya hi ka hankali. Ni dai wanga ƙarhe da kunka kahe bayan ɗaki, a cire shi. Nan muka yin alwala, kullum sai na yi tuntuɓe."

Na tsaya cak. Sandar da ke kai rarar wuta cikin ƙasa ce. Ƙasar ta bushe ƙamas, sai ruwan alwala ya jiƙa ta sannan sandar take aiki.

Na roƙe shi ya riƙa alwalar walaha ma a wurin. Shekara tara na ƙara a garejin.

Allah Ya jiƙan Baba Bube. Ku fa, wa ya taɓa ceton aikinku bai sani ba?