Mun Je Nemo Kunnen Baba

Mun tashi daga Kano da asubar Laraba, mu uku: ni da Baba da ƙanena mai jan motar. Masu tambayar inda na shige makon jiya, to ga amsarku. Ƙasar Gumel muka nufa, neman wani mutum da ba mu san sunansa na yanka ba, ba mu san garinsu ba, ba mu ma san ko yana duniya ba.

Baba tsohon soja ne, ya doshi tamanin. Ya yi yaƙin basasa yana saurayi, ya dawo ya koma kan kekensa na ɗinki. Kunnensa na hagu a can ya mutu, na daman kuma sai an kafa baki an ɗaga murya. Da yake ba ya jin kansa, addu'arsa ta bayan asuba duk gidan ne ke jin ta. Yakan fara jero mamata, sannan ya jero masu rai. A tsakani sai ya ɗan tsaya ya ce, "Da Ɗan Gumel, ya Allah, Kai ka san inda yake." Muna yara har kwaikwayonsa muke yi muna dariya, Allah ya yafe mana. Watan jiya da ya tashi daga jinya ya kira ni ya ce, "Ki kai ni in san layin da zan sa mutumin nan, kafin ni ma a sauya mini layi." Na yi ta ƙorafin aiki da tsadar mai, amma wa zai ji wannan magana ya zauna?

Damina ta yi kyau bana. Gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, ga riɗi ya yi luf. Ƙanena kuwa tuƙi yake kamar an ce masa a Gumel ake rabon Aljanna, sai da na yi masa tas sannan ya sassauta. A Gujungu muka tsaya muka sayi ƙosai, wanda yanzu ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu su yi loma ɗaya. Muna ci a mota Baba ya buɗe labarin da shekara hamsin da wani abu bai taɓa ba mu ba.

Ya ce kwana biyu suka yi suna haƙa ramin fakewa kafin a fara babban farmaki. Ba miƙaƙƙe ake yin sa ba, lanƙwasa ake yi lungu-lungu, don in bam ya faɗa nan kada ɓaraguzansa su bi layi su kwashe kowa. Jar ƙasa ce mai danƙo, ruwa har gwiwa, takalmi ya jiƙe ya ƙi fita. Da sassafen ranar farko igwar ɓangarensu ta fara ruwan wuta. Samari suka yi ta murna, suna cewa ko ɓera ba zai rage a gaba ba. Da hantsi na wancan ɓangaren suka mayar da martani. Wani harsashin igwa ya sauka a bakin ramin, ƙasa ta rufto ta binne Baba har ƙirji. Da aka zaro shi sai ya ga bakin mutane na motsi, amma duniya ta yi tsit.

Wanda ya zaro shi shi ne Ɗan Gumel. Tunda babu jini a jikin Baba, babu wanda ya lissafa shi a masu rauni, kuma babu hanyar fita ma. Kurma a cikin rami kuwa gawa ce da ba a rufe ba, domin da kunne ake tsira. Harsashin igwa da zai wuce kukansa daban, wanda zai sauko kanka kukansa daban. Sai Ɗan Gumel ya zaunar da Baba a damansa. Taɓi ɗaya a kafaɗa, wucewa zai yi. Taɓi biyu, kwanta. Kwana uku suka yi haka, har garin rogon da suke jiƙawa a gwangwani da hannu ɗaya Ɗan Gumel yake sha. Rana ta huɗu aka busa usur aka ce a fita, ƙarfe ya sami Baba a cinya, aka yi baya da shi. Ganin ƙarshe da ya yi wa Ɗan Gumel yana gudu ne cikin hayaƙi. "Shi ne kunnena," in ji Baba. Ƙosan nan a hannuna ya huce ban ci ba.

Alama ɗaya muke da ita: kunnen Ɗan Gumel na hagu tsagagge ne, irin tsagar da ake yi wa ɗan wabi, yaron da yayyensa suka yi ta mutuwa kafin a haife shi.

A Gumel wani mai shayi ya tura mu wurin wani dattijo Kirista, mutumin Filato, tsohon soja da ya yi aikin gwamnati a garin har ya yi ritaya ya zauna. Hausarsa ta fi tawa daɗi. Da ya ji abin da ke tafe da mu sai ya yi dariya har da tafi. Ya ce, "'Yata, a bariki duk wanda ya fito daga ƙasar nan Ɗan Gumel ne, ko da bai taɓa kwana a cikin gari ba. Ni kaɗai uku na sani." Ɗaya ya mutu tun a fagen daga, ɗaya mutumin Gagarawa ne, na ukun bai san inda ya yi ba. Ya sara wa Baba, Baba ya sara masa, matarsa ta cika mana leda da dafaffiyar gyaɗa.

Muka kama hanyar Gagarawa bayan azahar. Garin manoma ne, a tasha motocin haya sai lodin buhuna da awaki suke yi. Muka sami gidan, amma mai gidan ya rasu shekarun baya. Ina jin haka na rasa yadda zan faɗa wa Baba da ƙarfi a gaban iyalin mamaci. Babban ɗansa ya ɗauko hoto a bango. Baba ya kai shi dab da ido, bai kalli fuska ba, kunne ya duba. Lafiyayye ne. Ya yi wa mamacin addu'a mai tsawo, muka fito. A mota ya ce, "Allah ya yafe mini, na yi farin ciki a gidan mutane." Muka koma Gumel muka kwana.

Alhamis ranar kasuwar Maigatari ce, kuma dattijon nan ya ce in akwai mai labari to a can yake. Jama'a, in ba ku taɓa zuwa ba ku je. Shanu, raƙuma, manyan motoci, babura masu kai da komo zuwa bakin iyaka, ga kanwa da dabino da cuku daga Nijar. Na tsaya taya cuku, mai sayarwa Badamagare ya ƙara mini ɗaya ya ce kado ne, wato kyauta. Muka yi ta bin dillalai muna tambayar tsohon soja mai tsagaggen kunne, ni da mayafina a tsakiyar kara, kashin shanu har idon sawu. Can wani tsohon dillali ya ce, "Ai Ilu Soja kuke nema. Ya daɗe yana gadi a nan. Ido ya tafi, 'ya'yansa suka mayar da shi ƙauye, wajen Sule Tankarkar." Na ce yana da rai? Ya ce bara dai yana nan.

Wannan "bara dai" ita ta raka mu duk hanya. Ba wanda ya yi zancen abinci. Daga kwalta muka sauka burji, daga burji muka shiga yashi, motar ta kafe har sai da wasu manoma suka ajiye fartanya suka tura mu. Hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas.

A zaure muka same shi, kan tabarma, siriri, idanu sun yi fari fat. Kunnen na fara dubawa. Tsagar na nan. Na juya na ga Baba ya dafa bango.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, daga Kano muke. Na kawo maka abokinka na soja, wanda kuke kira Tela."

Ya ce, "Yarinya, ki ji tsoron Allah. Tela ya mutu. A gabana aka ɗauke shi jini na zuba. In wata takarda kuka zo in dangwala muku, ku faɗa kawai, na saba."

Baba na ta tambayata, "Me ya ce? Me ya ce?" Na kafa baki na faɗa masa. Ya ɗaga murya ya ce shi ne, ya ambaci ramin, ya ambaci sajan ɗinsu. Tsohon ya girgiza kai, ya ce muryar Tela ba haka take ba. To ina muryar ɗan shekara ashirin za ta zauna? Wannan ba ya gani, wancan ba ya ji, ni ce a tsakiya ina ihu kamar mai tallan magani. Mun sami mutumin da rai, amma ya ƙi karɓar mu.

Baba ya lallaɓa ya zagaya, ya zauna a daman tsohon, kafaɗa na gogar kafaɗa. Aka kawo mana fura a ƙwarya, ba wanda ya taɓa. Iska ta taso, zauren ya yi duhu.

Sai aka yi tsawa, irin mai tahowa daga nesa tana gungurowa kafin ta fashe. Baba bai ji ta ba, na ga fuskarsa ko gezau. Amma kafin ta fashe hannun tsohon nan ya miƙe da kansa, ya sauka a kafaɗar da ke damansa, sau biyu. Baba ya kife a kan tabarma, hannuwa a ƙeya. Shi ma tsohon ya kife. Hular Baba ta gangara har bakin ƙofa.

Tsawar ta wuce. Hannun bai bar kafaɗar ba. Na ga yatsun suna lalube, suka hau wuya, suka shafa fuska.

"Tela?"

Wannan kam ba sai na fassara ba. Suka rungume juna suna kuka, ni ma na saki nawa, ƙanena mai taurin kai ya fice waje cikin ruwa wai zai duba gilashin mota.

Da suka natsu Baba Ilu ya ce in gaya wa Baba, tun daga ranar nan kullum sai ya sa shi a addu'ar mamata. Na isar. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "To ka ci gaba, kada ka fasa, ka tara mini guzuri." Baba Ilu ya ba da labarin yadda farmakin ya ƙare: ramin da suka ƙwace da rana sun bar shi kafin magariba, kuma cikin waɗanda suka yi murnar igwa da safiyar farko kaɗan ne suka ga mako. Ya ce har yau in ana tsawa jikokinsa ba sa zama a damansa, sun gaji da shan duka. Suka shanye furar a ludayi ɗaya. Muka ci tuwon gero da miyar kuka da man shanu, irin wanda ban ci ba tun rasuwar kakata. Na bar musu cukun Maigatari, su kuma suka cusa mana zabi biyu a bayan mota, suna ta kuka har Kano.

Mun iso gida ranar Juma'a da hantsi, bayan mun sake kwana a Gumel. Abin da na koyo ba shi da yawa. In tsohonku ya ce ku kai shi wani wuri, ku kai shi yanzu. Kuma ku tambaye su labari tun suna iya bayarwa, don ni shekara arba'in da biyar ina gida ɗaya da mutumin nan ban san a rami aka riƙe mini shi ba.

Asubar Asabar ina kicin ina ɗora ruwan zafi na jiyo shi, da muryar nan tasa da ke tashin maƙwabta. Ya jero mamata har ya kai kan mahaifiyarmu. Na tsaya da buta a hannu ina jiran wurin da yakan yi shiru. Bai tsaya ba. Ya shiga layin masu rai kai tsaye, kuma kafin ni, kafin ƙanena, kafin jikoki, ya ce, "Da Ilu. Allah ka ƙara masa lafiya."