Robar Sandar Baba

Sandar da Baba yake dogarawa ba irin ta sauran tsofaffin Shagari ba ce. Ta ƙarfe ce, siririya, a ƙasanta akwai wani ƙarfe mai nauyi da ya fito gefe guda kamar ƙafar mutum. A cikin kayan gwanjo ya tsince ta a kasuwar Bodinga, lokacin idonsa bai gama rufewa ba. Wani malamin makaranta ne ya gaya masa cewa da irinta manyan mutane ke tura ƙwallo cikin rami a wasan ƙwallon lambu. Baba ya yi dariya ya ce to ai ta zo gida, shi ma duk rayuwarsa a lambun albasa ya yi ta.

Da yanar ido ta gama rufe shi, sandar nan ce ta rage masa. Da ita yake zuwa masallacin unguwa shi kaɗai, sau biyar a yini, kuma ba ya yarda kowa ya riƙe masa hannu. Yakan ce ranar da aka fara jansa, ranar ya zama kaya.

Ni facin taya nake yi a bakin titi a Bodinga, ranar Juma'a nake zuwa gida. Ina da wani hali da na sani ba mai kyau ba ne: in na ga abu ya lalace sai hannuna ya riga bakina. Robar mariƙin sandar ta tsufa, ta tsattsage, tana narkewa in rana ta yi zafi, har tana baƙanta masa tafin hannu da gefen farar rigarsa. Kunya ta kama ni. Na ce mutane za su ce ɗansa mai faci ne, amma ga abin da uban yake riƙewa. Gaskiya kaina na duba, ban duba shi ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kwanta a zaure, na ɗauke sandar na zaga bayan gida. Yayata, wadda ta dawo gida tana kula da shi tun rasuwar mijinta, tana tankaɗe ta ɗago kai.

"Ina za ka da ita?"

"Gyara zan yi."

"Ka tambaye shi?"

"Yaya, roba ce fa, ba fiɗa zan yi mata ba."

"Kai dai da rawar kai. A gidanga ko hular Baba ba a ɗagawa sai ya ce."

Ban saurare ta ba. Na sa reza na tsaga robar daga sama har ƙasa, ta buɗe tana marmashewa a hannuna. A ƙarƙashinta akwai wata tsohuwar takarda mai gam da ta manne wa ƙarfen, na jiƙa tsumma da kananzir na yi ta gogawa har ƙarfen ya fito fes. Na yanko tub ɗin babur, na naɗe shi tsaf, zagaye, babu tudu babu kwari. Tsohuwar robar kuwa na jefa ta murhu. Har ina jin daɗin aikina.

Da aka kira la'asar Baba ya laluba ya ɗauki sandar. Sai ya tsaya. Babban yatsansa yana ta yawo a kan mariƙin, yana juya ta.

"Wa ya taɓa min sanda?"

"Ni ne, Baba. Sabuwar roba na sa maka."

"Ina shafaffen wurin?"

Ban gane ba sai da ya yi min bayani. Ashe tsohon mariƙin ba zagayayye ba ne, gabansa a shafe yake. A nan yake ɗora babban yatsa, da haka yake sanin ƙafar ƙarfen ta kalli waje, ba ta shiga tsakanin ƙafafunsa ba. Na riƙe robar nan a hannuna, na tsaga ta, amma ban lura ba.

"Bari in raka ka," na ce.

"Zauna. Mi ya samu ƙafata?"

Ya fita. Ina tsaye a ƙofar zaure ina kallonsa. Wajen tsallake kwatar da ke gaban masallaci sandar ta juya a hannunsa, ƙarfen ya harɗe masa ƙafa, ya faɗi a kan ƙugunsa. Mutanen da ke alwala suka taso, aka ciccibe shi. Abin da ya fi yi masa ciwo, kamar yadda Yaya ta gaya min daga baya, shi ne a gaban jama'a aka ɗauko shi, rigarsa duk ruwan kwata.

Mai ɗori ya duba ya ce babu karaya, targaɗe ne. Baba ya yi kwanaki a kwance. Bai yi min faɗa ba ko sau ɗaya, da ma ya yi. Yaya ce ta yi nata da nasa.

Na koma Bodinga da sandar. Na warware tub ɗin, na feƙe wani siririn katako, na kwantar da shi a gaban ƙarfen daidai inda yatsa zai zauna, na sake naɗewa. Na rufe idona na yi ta gwadawa a bayan rumfata, abokan aiki suna tambaya ko sabuwar sana'a zan fara. Sai da na tabbata yatsa yana gane gaba da baya sannan na kai masa.

Ya karɓa ya shafa, ya sake shafawa.

"Ya yi. Allah shi yi maka albarka."

"To tashi mu gwada, Baba."

Ya miƙe, ya taka har bakin zaure. Na ja baya don ya wuce shi kaɗai. Ya daɗe a tsaye, kan sandar yana taɓa dokin ƙofa. Ladan ya gama kira, muna jin takun mutane suna wucewa, wasu suna gaishe shi yana amsawa.

"Sandar ta yi," ya ce a hankali. "Ni ne ban yi ba. Zo, kama min hannu."

Na kama. Hannun ba nauyi. Muka tafi, yana tambayata ko mun iso kwatar tun muna nesa da ita.

Har ya bar duniya bai ƙara fita shi kaɗai ba. Sauran kwanaki a zaure yake sallarsa, domin ya ce ba zai ɗora wa maƙwabta jansa ba. Ranar Juma'a yakan shirya tun da hantsi, ya zauna a bakin ƙofa yana sauraron ƙarar babur ɗina, in na iso don in raka shi masallaci ya ce in yi haƙuri ya raba ni da aiki.